Tsohuwar kwamfuta ta daina buɗe shafukan intanet masu kwaɗo, tana cewa takardar shaida ba ta inganta ba

Malam Sani, Jega

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon masana a kan wata matsala da ta tsayar mini da aiki cak. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a kusa da kasuwar Jega, kuma mafi yawan masu zuwa wurina ɗalibai ne masu duba sakamakon jarrabawa ko biyan kuɗin makaranta ta intanet, sai kuma ma'aikata masu son a fitar musu da wata takarda daga imel. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, 'yar gwanjo, Windows 7 ce a kanta, kuma ta daɗe tana yi mini hidima ba tare da wata gardama ba.

Na rufe shagon na wani lokaci saboda girbin shinkafa. Da na dawo na kunna ta, sai ta fara tsayawa a wani baƙin allo mai fararen rubutu, ba ta wucewa sai na danna F1. Bayan ta gama tashi kuma, duk shafin da adireshinsa ya fara da https, wato masu alamar kwaɗo a gefen adireshi, sai Chrome ya ƙi buɗe shi, ya fito da gargaɗi da Turanci cewa agogona yana baya, a ƙasa kuma an rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Na gyara awa da minti a agogon da ke kusurwar ƙasa ta dama har suka dace da na wayata, amma gargaɗin bai gushe ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wayar da nake ba kwamfutar data daga gare ta tana buɗe waɗannan shafukan lafiya lau, ke nan laifin ba na layi ba ne.

Wani mai gyara da na kira ya ce bairos ne ya shige ta, kuma babu mafita sai an goge komai an ɗora sabuwar Windows. Ni kuwa ina da takardun mutane da samfuran fom masu yawa a ciki, ba na son a goge sai in ya zama dole. Shin da gaske bairos ne ke kawo haka? Akwai hanyar gyara ba tare da gogewa ba? Allah Ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Injiniya Bashir, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sani. Ka dakatar da mai gyaran nan tukuna, domin bayanin da ka kawo bai nuna alamar bairos ba, kuma ko an goge kwamfutar an ɗora sabuwar Windows, gobe da safe gargaɗin nan zai dawo kamar yadda yake.

Duk shafin da ke amfani da https yana miƙa wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, wata takardar shaida a duk lokacin da aka buɗe shi. A cikin takardar akwai sunan shafin, da sunan hukumar da ta ba da ita, da ranar da ta fara aiki, da ranar da wa'adinta zai ƙare. Wajen duba waɗannan ranaku, burauza tana dogara ne da agogon kwamfutar da take kai don sanin yau wace rana ce. Idan agogon ya ce shekarar 2009 ake ciki, takardar kuma ta ce bana aka ba da ita, to a wurin burauza wannan takarda ce da lokacinta bai zo ba, sai ta ƙi karɓa. Kai awa da minti ka gyara, amma ina kyautata zaton shekarar ce ta koma baya, kuma idan an ƙanƙantar da layin ƙasa na Windows 7, awa kaɗai yake nunawa, kwanan wata ya ɓuya. Ɗora kibiyar linzami a kan agogon ka ɗan jira, za ka ga shekarar da kwamfutarka take zaton muna ciki.

Dalilin komawar agogon baya shi ne wani ɗan batiri mai kama da kwabo da ke manne a babban allon cikin kwamfutar. Lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma aikinsa shi ne ya riƙe agogo da saitin tashi a lokacin da babu wuta. Muddin kwamfuta tana jone da wuta ba a cika jan ƙarfinsa ba, amma a irin wuraren namu da wuta ke tafiya fiye da yadda take zuwa, ga shi kuma ka rufe shago na tsawon girbi, shi kaɗai ya yi ta riƙon agogon har ya ƙare. Baƙin allon da ke neman ka danna F1 shi ne babbar shaida, domin kwamfutar tana sanar da kai cewa ta rasa kwanan wata.

Ana samun batirin a wurin masu gyaran agogo da masu sayar da batirin makullin mota. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, ka buɗe murfin gefe, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, musamman a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara wuta a jikin mutum. Akwai ɗan ƙarfen da ke danne batirin a gefe ɗaya. Idan ka tura shi da farce batirin zai ɗago da kansa. Sabon kuma ka sa shi fuskar da ke da alamar + tana kallon sama. Bayan nan ka kunna, ka shiga saitin BIOS, wato saitin tashin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, wanda a mafi yawan kwamfutocin HP da F10 ake shiga, a na Dell kuma da F2, ka sa shekara da wata da rana daidai. Ka lura da cewa tsarin Amurka yana fara rubuta wata kafin rana, don kada ka sa huɗu ga watan uku a maimakon uku ga watan huɗu.

Idan Windows ta tashi, ka duba yankin lokaci ma. Kwamfutocin gwanjo da yawa suna zuwa a kan lokacin yammacin Amurka, mu kuma namu shi ne wanda aka rubuta West Central Africa, awa ɗaya gaba da lokacin duniya. Kada ka dogara da cewa Windows za ta gyara agogon da kanta daga intanet, domin Windows 7 sau ɗaya a mako take yin hakan, kuma takan ƙi gyarawa idan tazarar ta yi yawa. Ka yi wannan, sannan ka dawo ka gaya mana ainihin rubutun da ke ƙasan gargaɗin idan wani ya rage, saboda wannan rubutun ne ke bambanta matsala da matsala.

Aminu, ɗalibi, Aliero

Baba Sani, sannu da haƙuri. Mu a nan makaranta muna yawan cin karo da irin wannan gargaɗin a tsofaffin kwamfutoci, kuma abin da muke yi mai sauƙi ne. Idan gargaɗin ya fito, akwai wurin da aka rubuta Advanced, sai ka danna shi, sannan ka danna layin da ke cewa a ci gaba zuwa shafin, nan take zai buɗe. Wani abokina kuma ya ce idan takardun da ke cikin kwamfuta ne suka tsufa, ana iya mayar da shekara baya zuwa lokacin da suke aiki, shi ke nan an huta. Akwai ma wani fayil da ake turawa a WhatsApp wanda ke ɗauke da takardun shaida masu yawa, idan ka ɗora shi duk gargaɗin zai ɓace. Idan kana so zan nemo maka.

Malama Hauwa'u, Argungu

Aminu, Allah Ya yi maka albarka da niyyar taimako, amma a matsayina na mai koyar da darasin kwamfuta ba zan iya yin shiru a kan shawarwarin nan ba, tunda Malam Sani ya faɗa cewa a kan wannan kwamfutar ake sa lambar katin banki da kalmar sirrin imel na mutanen da suka ba shi amana.

Takardar shaida tana amsa tambaya ɗaya ce: shin kwamfutar da ke amsa mini a can ƙarshen layi ita ce ainihin ta bankin ko makarantar da na nufa, ko kuwa wani ne ya tsaya a tsakani ya ari sunansu? Ɓoye bayanai kaɗai ba ya wadatarwa, domin idan da ɓarawo aka ƙulla hanyar, to shi ke riƙe da makullin buɗe abin da aka ɓoye. Idan mutum ya danna a ci gaba, ya ce wa burauza ta bar wannan tambayar ba amsa. A ranar da agogo ne kawai ya lalace, wataƙila ba abin da zai faru. Matsalar ita ce, wanda ya saba dannawa ba zai gane ranar da gargaɗin na gaske ne ba, domin kamanninsu ɗaya a ido. Shi ya sa manyan shafuka irin su Google da Facebook suke amfani da wata ƙa'ida da ake kira HSTS, wadda ke umartar burauza ta cire wannan ƙofar gaba ɗaya. Ka gwada a kansu, ba za ka sami layin ci gaba ba.

Mayar da shekara baya kuma ba zai yi aiki ba ko da babu haɗari a ciki. Takardun shafuka gajeren wa'adi gare su, na Let's Encrypt, ɗaya daga cikin hukumomin da ke ba da su, ba sa wuce kwana 90. Idan ka koma 2020 domin ka farfaɗo da wata tsohuwar takarda a cikin kwamfuta, takardar shafin da aka ba da a watan jiya za ta zama wadda ba a haifa ba tukuna, ka koma kan matsalar da Malam Sani ya fara kawowa.

Fayil ɗin WhatsApp shi ne mafi muni. Duk takardar da aka sa a jerin amintattun kwamfuta, mai makullinta yana iya ƙirƙirar shaidar kowane shafi a duniya, burauza ta karɓa ta nuna kwaɗo ba tare da gargaɗi ba. Wannan ba hasashe ba ne. A 2011 an kutsa cikin wata hukumar ba da takardu ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka fitar da takardar jabu da sunan Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin mutane a Iran, kuma kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya durƙushe bayan masu burauza sun cire shi daga jerinsu. A 2015 kuma an gano wata manhajar talla mai suna Superfish a wasu kwamfutocin Lenovo, wadda ta sa tata takardar a jerin amintattu, masu bincike suka fitar da makullinta cikin sauƙi. Idan irin haka ta faru da kamfanoni masu ofis da adireshi, fayil ɗin da ba a san wanda ya haɗa shi ba bai cancanci shiga kwamfutar da ake biyan kuɗi a kanta ba.

Malam Sani, akwai wani abu ƙarami da ya kamata ka riƙa dubawa tunda da waya kake ba kwamfutar data. Idan data ta ƙare, wasu layukan sukan karkatar da kai zuwa shafinsu na sayen data, sai burauza ta ga takardar da aka miƙo ba ta ɗauke da sunan shafin da ka nema, ta rubuta NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID. Wannan ba ya bukatar gyara, data kawai za a saya.

Malam Sani, Jega

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Aminu ɗana, kai ma na gode, amma ka bar fayil ɗin a inda yake.

Na ɗora kibiya a kan agogo kamar yadda Injiniya ya ce, sai ga shi shekarar 2009 ce, ɗaya ga Janairu. Na sayo batirin a wurin mai gyaran agogo na sauya, na gyara kwanan wata da yankin lokaci, baƙin allon nan ya daina fitowa, kuma Google da imel da shafuka masu yawa sun buɗe. Amma akwai sauran rina a kaba. Wasu shafukan, ciki har da na wata makaranta da ɗalibanta ke yawan zuwa wurina, har yanzu suna ƙin buɗewa, sai dai rubutun ƙasa ya sauya zuwa NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID. Da na tuna, waɗannan shafukan sun daɗe suna ba ni wahala tun kafin girbi, a waya nake buɗe wa mutane su sannan in tura takardar zuwa kwamfuta in buga. Na danna gefen adireshi na duba takardar ɗaya daga cikinsu, a wurin wanda ya ba da ita na ga harafin R da lamba kawai. Na gwada Internet Explorer, shi kuma bai kawo gargaɗi ba ma, cewa kawai ya yi ba zai iya nuna shafin ba. Chrome ɗina tsoho ne, lambarsa ba ta kai 80 ba, domin wanda ya ɗora mini Windows ya kashe duk wani sabuntawa don kada data ta riƙa ƙarewa.

Injiniya Bashir, Birnin Kebbi

Madalla, Malam Sani, an wuce matakin farko. Wanda ya rage ya fi zurfi, kuma jumlarka ta ƙarshe ta bayyana musabbabinsa.

Takardar shafi ba ta tsayawa da ƙafarta, silsila ce. Ka ɗauki misalin takardar shaidar zama ɗan gari: mai unguwa ya sa hannu cewa ya san ka, hakimi ya tabbatar da sa hannun mai unguwa, jami'in da ka kai wa takardar kuma bai san ka ba, bai san mai unguwar ba, amma yana da samfurin hatimin hakimi a aljihun teburinsa, da shi yake gwadawa. Idan aka naɗa sabon hakimi ba a aiko wa jami'in da samfurin sabon hatimi ba, zai mayar da takardarka ko da ta gaskiya ce. Samfuran hatiman nan su ne takardun tushe da ke ajiye cikin Windows, kuma rubutun da ka gani yana nufin Chrome ya bi silsilar har ƙarshe bai sami tushen da ya sani ba.

Harafin R da lamba da ka gani sunan takardar tsakiya ce, wato mai unguwa a misalin nan, ta Let's Encrypt, hukumar da ke ba da takardu kyauta, wadda ƙananan shafuka da na makarantu da yawa suka dogara da ita. Lokacin da ta fara aiki a 2015, tushenta mai suna ISRG Root X1 sabo ne, kwamfutoci ba su san shi ba, sai ta jingina da wani tsohon tushe na kamfanin IdenTrust mai suna DST Root CA X3, wanda ke cikin kusan kowace na'ura. Wa'adin wannan tsohon tushen ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2021, kuma daga ranar duk na'urar da ba ta karɓi ISRG Root X1 ba ta fara ganin gargaɗi. Irin haka ta faru a baya ranar 30 ga Mayu, 2020, da wa'adin tushen AddTrust ya ƙare. Windows 7 a asalinta tana iya jawo sabon tushe daga Microsoft da kanta a lokacin da ta ci karo da shi, amma a kwafin da aka taɓa aka kashe sabuntawa wannan hanyar takan toshe, tsohon Chrome irin naka kuma da jerin Windows yake aiki, ba shi da nasa. Kana iya tabbatarwa da idonka: danna makullin Windows tare da harafin R, rubuta certmgr.msc, buɗe jakar Trusted Root Certification Authorities, ka nemi ISRG Root X1. Ina sa ran ba za ka same shi ba.

Hanyar da na fi so a gare ka ita ce Firefox, wanda shi ma burauza ne kamar Chrome, domin yana zuwa da nasa jerin takardun tushe da nasa injin ɓoye bayanai, bai dogara da na Windows ba. Na ƙarshe da ke aiki a Windows 7 shi ne Firefox 115 ESR. Ka sauke shi daga shafin Mozilla kansa, wato masu yin Firefox, ba daga shafukan tara manhajoji ba, kuma idan kwamfutar ta ƙi buɗe shafin, ka sauke a wata na'ura mai lafiya ka kawo a filash. Ka lura ko Windows ɗinka mai bit 32 ce ko mai 64, za ka gani idan ka danna Computer da maɓallin dama ka zaɓi Properties. Chrome ma kana iya ɗaga shi zuwa 109, wanda ya fito a Janairun 2023 kuma shi ne na ƙarshe ga Windows 7, sai dai Google ta daina yi masa gyara, alhali Mozilla ta ci gaba da gyara 115 ESR bayan wannan lokacin. Wannan ne ya sa na fifita shi.

Hanya ta biyu ita ce a sa ISRG Root X1 cikin Windows da hannu, kuma tana da amfani idan wata manhaja banda burauza tana bukatarsa. A nan ina tare da Malama Hauwa'u ɗari bisa ɗari: takarda ɗaya za a sauke, daga shafin Let's Encrypt kansa, ta na'urar da ba ta nuna gargaɗi, kuma kafin a amince da ita sai a buɗe ta a duba dogon jerin haruffa da lambobi da Windows ke kira Thumbprint. Na wannan tushen yana farawa da ca bd 2a 79, yana ƙarewa da 43 29 a5 e8, amma gaba ɗayan jerin ake gwadawa da na wata kwamfuta mai sabuwar Windows, ba farko da ƙarshe kaɗai ba. Wa'adinsa sai 2035.

Batun Internet Explorer daban ne, ba takarda ce ta hana shi ba. Kafin a kai ga miƙa takarda, burauza da shafi sukan fara daidaitawa a kan ƙa'idar ɓoye bayanai da za su yi magana da ita, wato TLS. Akwai 1.0 da 1.1 da manyan burauzoji suka yi watsi da su a 2020, akwai 1.2 ta 2008, akwai 1.3 ta 2018. Internet Explorer 8 da ke zuwa tare da Windows 7 yana barin 1.2 a kashe, shafuka da yawa kuma ba sa amsa abin da bai kai 1.2 ba, sai maganar ta yanke tun kafin ta fara. Ana iya kunna ta a Internet Options, ƙarƙashin Advanced, amma ban ga amfanin ɓata lokacinka a kansa ba, tunda ko ya haɗu da shafin ba zai iya nuna shi daidai ba.

Malam Garba, Yauri

Ina da ƙari kaɗan a kan bayanin Injiniya, daga abin da nake gani a kwamfutocin ofisoshi da ake kawo mini gyara. Wasu manhajojin riga-kafin bairos suna tsayawa tsakanin burauza da intanet domin su duba abin da ke shigowa ta https, kuma don su iya yin hakan sai su sa tasu takardar a jerin amintattu su riƙa sake sa hannu a kan kowane shafi. Idan manhajar ta tsufa ba a sabunta ta ba, ita kanta takan zama silar gargaɗin, har a cikin Firefox, wanda zai rubuta SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER. Gane wannan ba shi da wuya: idan ka duba takardar Google ka ga sunan manhajar riga-kafi a wurin wanda ya ba da ita, to ita ce. Abin da Malam Sani ya gani harafin R ne da lamba, don haka nasa ba wannan ba ne, amma na faɗa saboda wanda zai karanta daga baya. Idan kuma sunan da ka gani a wurin baƙo ne, ba na riga-kafinka ba kuma ba na wata sananniyar hukuma ba, a nan ne maganar bairos take da gindi.

Abu na biyu, kuma a nan na ɗan saɓa wa Injiniya, shi ne ina ganin bai kamata a bar Malam Sani da tunanin cewa Firefox ya rufe magana ba. Microsoft ta daina ba Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020, tasa kuma ko gyare-gyaren da suka fito kafin wannan ranar ba ta samu ba. Kwaɗon burauza yana kare bayanai a kan hanya ne, ba ya kare su daga manhajar leƙen asiri da ke zaune cikin kwamfutar tana naɗar abin da ake bugawa, kuma kwamfutar shago da filash ɗin kowa ke shiga ita ta fi fuskantar wannan. Shawarata ita ce buga takardu da duba sakamako su ci gaba a kanta, amma sa lambar katin banki ya koma kan wayar mai katin. Idan hali ya samu, a gwada wata Linux marar nauyi, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, irin su Lubuntu ko Linux Mint mai Xfce, waɗanda ake iya tayar da su daga filash a gwada ba tare da an goge komai ba, muddin kwamfutar mai bit 64 ce. Abin dubawa kafin a yanke shawara shi ne ko firinta za ta yi aiki da ita.

Malam Sani, Jega

Alhamdu lillahi. Na duba jakar da Injiniya ya ambata, ISRG Root X1 ba ya ciki, DST Root CA X3 kuma yana nan da ranar ƙarewarsa ta 2021 a rubuce. Na sauke Firefox 115 ESR a kwamfutar wani maƙwabcina na kawo a filash na ɗora, kuma shafin makarantar ya buɗe da kwaɗonsa, na buga wa ɗalibai takardun rajista kai tsaye. Ban sa takardar tushen da hannu ba tukuna, tunda babu wata manhaja da ta nema. Chrome kuma na cire alamarsa daga fuskar kwamfuta don kada yaron shagona ya buɗe shi bisa sabo.

Malam Garba, na karɓi shawararka a kan katin banki, daga yau mai kati zai biya a wayarsa ya turo rasit in buga masa. Na duba Properties, Windows ɗin mai bit 32 ce kuma RAM ɗin gigabait 2 ne. Tambayata ita ce, shin wannan yana nufin injin kansa mai bit 32 ne, ko kuwa Windows ɗin da aka ɗora ce kawai? Zan rubuto sunan firosesa da lambar firinta idan na koma shago bayan sallar la'asar.